Gurbin Nuala a Kilvarra

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Duk wanda ya fara faɗar haka bai zauna a Drumlara ba, bai kuma san Fintan Rooney ba, mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana kishi da gawa.

Gawar ta Dessie Mulvey ce, mijin Nuala na fari. Aurensu bai cika shekara biyu ba Dessie ya shiga kwale-kwale da sassafe zai ɗago mamarinsa a Babban Tafki, iska ta juya, sai a cikin ciyayin bakin tsibiri aka tsamo shi. Nuala ta daɗe cikin baƙaƙen kaya kafin ta auri Fintan, maƙwabcin su Mulvey, wanda tun suna makaranta yake kallonta bai taɓa iya buɗe baki ba. Ta haifa masa 'ya'ya uku, duk sun watse, biyu a Boston ɗaya a Dublin. Ta tatsi shanunsa, ta yi jinyar uwarsa har ta cika. Ba wanda zai ce ta taɓa ambaton Dessie a gidan Fintan ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ne ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Da tana ambatonsa, da ya san iyakar abin.

Mai rai kana iya gogayya da shi. Zai tsufa, haƙora su zube, ya ajiye tumbi, wata rana ya sha ya yi shirme a mashaya kowa ya gani. Dessie kuwa yana nan yadda yake, ɗan shekara ashirin da shida mai baƙin gashi, wanda in ya shiga rawa ake ja da baya a ba shi fili. Fintan ya yi sanƙo, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sai da lallashi, rawa kuwa ko yana saurayi bai iya ba.

Sau ɗaya a shekara ciwon yake tashi sosai, ranar Lahadin da ake sa wa kaburbura albarka. Maƙabartar Kilvarra tana kan tudu tsakanin tafkunan biyu, Babba da Ƙarami, kuma ranar nan mutanen Drumlara da na Aughrin da na ƙetaren ruwa duk sai sun hau. An aske ciyawa, an wanke duwatsu, kowane gida ya tsaya a kan nasa, Fada, limamin coci, yana zagayawa yana yayyafa ruwan albarka. Fintan yakan tsaya a kan iyayensa can jikin katanga. Nuala kuwa takan tsaya a filin su Mulvey, kusa da Hughie ƙanen Dessie, saboda babu wanda ya rage musu. Haka ya dace, kowa ya sani, Fintan ma ya sani. Amma ana addu'a idonsa na kan bayanta, yana auna yadda ta sunkuyar da kai, yana tambayar kansa ko a kan kabarinsa za ta sunkuya haka.

Filin su Mulvey gefe biyu ne. Hagu uba da uwa, dama Dessie shi kaɗai. A kan dutsen Dessie an sassaƙa sunansa daga sama, aka bar ƙasan fili sumul, daidai suna ɗaya. Ba wanda ya taɓa faɗar na wane ne, ba kuma wanda bai sani ba. A wajenmu mace takan koma wajen mijinta na fari, sai in ita ta buɗe baki ta ce a'a. Nuala ba ta ce a'a ba, ba ta ce i ba, Fintan kuma ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya tambaye ta.

Ƙasar Kilvarra ba ta da zurfi. Kana kai tsayin mutum ka iske dutse, don haka kabari akwati ɗaya yake ɗauka, kuma in an rufe ba a sake taɓa shi sai bayan shekara ashirin ko fiye, lokacin da katako ya gama ruɓewa. Nuala ta haura saba'in. A hunturun da ya wuce zuciyarta ta kai ta asibitin Sligo, ta dawo da jakar ƙwayoyi da kumburin ƙafa. Tun daga nan Fintan ya daina barci da kyau. Tsoron rasa ta yana nan, ba a cewa babu. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abin da ya fi muni: ganin kansa yana ɗauke da akwatinta a kafaɗa, yana hawa tudun nan da gurguwar gwiwarsa, ya kai wa Dessie Mulvey matarsa har gida.

Sai Hughie ya mutu a farkon kaka, yana zaune a kujerarsa, rediyo na magana.

Tuzuru ne, ya zauna da uwarsa har ta rasu, sannan ya ci gaba da zama da kujerarta. Kowace Lahadi a teburin su Fintan yake cin dankali da naman alade da kabeji. Fintan yana sonsa, gaskiya ce, in ban da dariyarsa, wadda tsofaffi ke cewa ta Dessie ce sak. Da aka zo da labarin Fintan ya yi ƙwalla ta gaske. Bai gama share ta ba wani tunani ya shigo masa, ya samu wuri ya zauna. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Dangi ba sa haƙa kabarin nasu, maƙwabta ke yi, kuma maƙwabcin da ya fi kusa shi ke cire ƙasar farko ya nuna inda za a bi. Washegari da safe Nuala tana yanka burodi don masu zaman makoki, ta miƙo masa farar rigar filo da ta goge.

“Ta ƙasusuwan tsofaffin ce,” ta ce. “Ku bi su a hankali. Ka san wajen uwarsa ya ce a sa shi.”

“Na sani.”

“Zan kawo muku shayi in rana ta ɗaga. Kar ka shiga ramin da gwiwar nan, ka bar su Packie.”

“Na ji,” in ji shi, ya cusa rigar filon a aljihun kwat.

Packie Guckian da Mattie Shanley sun riga shi hawa, suna jingine da katanga da shebur da diga. Duk sa'o'insa ne, tare suka haƙa wa rabin mutanen da ke kwance a wurin. Hazo bai gama tashi daga kan Ƙaramin Tafki ba. Fintan ya karɓi shebur, ya wuce dutsen tsofaffin, ya tsaya a gefen dama, ya kafa shi a ciyawa.

“Kai tsoho, ido ya tafi ne?” in ji Packie. “Dessie ne nan.”

“Na san ko wane ne.”

“Ai Hughie wajen uwarsa zai je. Ko karen Drumlara ya san wannan.”

“Ya canja,” Fintan ya ce, bai ɗago ba. “Makon jiya ya faɗa min da bakinsa. Ya ce ya zauna da tsohuwa shekara hamsin, ya isa haka. Wajen ɗan'uwansa yake so.”

Mattie ya yi dariya. “Wannan kam ta yi kama da maganar Hughie.”

Packie bai yi dariya ba. Ya dubi dutsen, ya dubi filin da aka bari a ƙasan sunan, ya dubi Fintan. “Nuala ta sani?”

“Kai ne maƙwabci ko ni?”

“Kai ne, ranka ya daɗe. Ni dai tuni nake yi maka. In an buɗe an buɗe, ka san ba a mayar da ƙasa a kan rami babu kowa ciki.”

“Shekara nawa ina haƙa, sai yau za ka koya min?”

Ya taka shebur ɗin da lafiyayyar ƙafarsa, ƙasa ta buɗe. Ƙarya ce ya yi wa mamaci wanda ko sanyi bai gama yi ba, a gaban kabarin uwar mamacin, kuma bai ji komai ba sai wani daɗi mai zafi da ya hau masa ƙirji. Rabonsa da jin ƙarfi irin wannan tun yana ɗan arba'in. Suka yanke ciyawar falle-falle suka jera a gefe, suka shiga haƙa, suna karɓa-karɓa. In an karɓe shi sai ya tsaya a bakin rami yana ƙaiƙayin hannu.

“Yi a hankali mana,” in ji Mattie. “Wanda ke ciki ba inda za shi.”

Da ƙasa ta fara yin baƙi, gutsattsarin katako suka fara fitowa, Packie ya ajiye diga ya ce shi zai sauka ya tattara. Fintan ya ce a'a. Ya zauna a bakin ramin, ya zura ƙafa, ya sulale ciki, gwiwar ta yi ƙara har Mattie ya ji. Ya durƙusa ya sa hannu.

Bai san abin da ya zaci zai gani ba. Abin da ya samu kaɗan ne, launin shayi, ba nauyi. Ƙashin hannu, haƙarƙari, ƙwaryar kai da haƙoranta cif, ko ɗaya bai faɗi ba. Fintan ya lashi nasa haƙoran na roba. Yana sa su ɗaya bayan ɗaya cikin rigar filon da matarsa ta goge, yana ce wa kansa, wannan ne, wannan ɗin ne ya hana ka sakat tun kana da gashi. Har ya fara jin wani abu kamar tausayi.

Sai yatsunsa suka sarƙe da wani abu a wajen ƙirji. Ya ɗauka saiwa ce, ya ja. Kitso ne, guda ɗaya, mai kauri, tsawonsa ya kai kamu biyu, an ɗaure bakinsa da carbi. Laka ta rine shi, amma da ya murza da babban yatsa sai ja ya fito, jan gashin Nuala na ƙuruciya.

Shi dai da gajeren gashi ya aure ta. Ya taɓa roƙonta, sau ɗaya, a shekararsu ta farko, ta bar shi ya yi tsawo kamar da. Ta ce aiki ne, shanu ba su damu da kitso ba. Ashe ba ta da shi ne, ta riga ta bayar. Tausayin nan ya tafi kamar ba a yi ba. Kishi ya taso masa, ɗanye shar, ya ji da ma Dessie na da rai ya shaƙe shi. Yana durƙushe a cikin ramin da kitson a hannu ya ji Packie ya ce, a hankali, “Ga uwargida nan.”

Ta hau tudun tana hutawa, kwando a hannu ɗaya, kwalbar wiski ta masu haƙa a ɗayan. Ta zo ta tsaya a inda take tsayawa kowace shekara. Ta dubi gefen tsofaffin, ciyawa lumui ba a taɓa ba. Ta dubi tulin ƙasa. Sannan ta leƙa ramin, ta ga mijinta, ta ga rigar filon, ta ga abin da ke hannunsa.

Mattie, da ba ya iya zama da shiru, ya ce, “Fintan ya ce Hughie ya canja shawara. Wai wajen Dessie yake so.”

Fintan ya jira. Kalma ɗaya za ta faɗa, kafin yamma a ji ta a Aughrin, kafin Lahadi ta ƙetare ruwa: Fintan Rooney ya yi wa gawa ƙarya don ya toshe wa matarsa kabari.

“Haka ne,” in ji Nuala. “Ni na manta ban gaya muku ba. Ku zo ku sha shayi kafin ya huce.”

Ta zuba musu, ta ba su burodi da nama, ta buɗe kwalbar ta ba Packie. Su biyun suka ɗauki kofunansu suka tafi can jikin katanga, suka juya baya suna kallon tafki kamar yau suka fara ganinsa. Nuala ta dawo bakin ramin ta miƙa hannu. Ya ɗauka kitson take so, ya miƙa mata.

“Ba wannan ba. Mayar da shi inda ka same shi, nasa ne. Hannunka nake so, ka fito daga nan kafin gwiwar ta ƙage.”

Ya sa kitson cikin rigar filon. Ita da ba ta iya hawa bene sai ta huta, ita ta ja shi har ya fito. Da suka gama suka gicciye shebur da diga a kan bakin ramin, suka sauka.

Washegari aka binne Hughie. Mutane sun cika tudun har bakin titi. Aka sauke akwatin, Packie ya ajiye farar rigar filon a wajen ƙafafu, Fada ya yi addu'a, maƙwabta suka mayar da ƙasa suka jera ciyawar. Wasu tsofaffin mata sun yi ƙus-ƙus, suna duban kabarin uwar, amma tun da Nuala ta ce haka ne, haka ne. Fintan yana tsaye a gefenta, karon farko a rayuwarsa a filin su Mulvey. An rufe. Sunan Hughie ne zai cike filin nan na jikin dutse. Ya samu abin da yake so, yana ta lalube a cikin ransa ya ji daɗin jiya, bai same shi ba.

Bayan an ci abinci a otal ɗin Aughrin suka kama hanyar gida ta bakin Babban Tafki. Shi ke tuƙi. Sun kai inda masu kamun kifi ke ɗaure kwale-kwalensu ta ce ya tsaya, ƙwayar rana ba ta sha ba. Ya tsaya ya kashe mota. Ta haɗiye ƙwayar da sauran ruwan gora, ta rufe jaka, ba ta ce ya tayar ba.

“Hughie bai yi maka komai ba,” ta ce. “Abu ɗaya ya roƙa a duniya, a sa shi kusa da uwarsa. Ni da kai sai mun mutu da wannan.”

“Na sani.”

“Ka sani. Kullum ka sani.”

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ruwan sama ya fara ɗiga a gilashi. “Ba ki taɓa cewa komai ba, Nuala. Duk shekarun nan. Filin nan yana jikin dutse, kowa na gani, ni ma ina gani.”

“Uwar Dessie ce ta sa aka bar shi, ba ni ba. Kai kuma ba ka taɓa tambaya ba. Kana tsammani ban san idonka na bayana ba duk ranar albarka? Har wuyana yake zafi. Na ce wata rana mutumin nan zai buɗe baki kamar namiji ya ce, Nuala, ina za ki kwanta? Na jira har na tsufa. Sai ka ɗauki shebur.”

“Kitson fa?”

“Shekarata ashirin da uku, an tsamo min miji daga ruwan nan da kake gani. Da hannuna suka ce in yanke in sa masa, da na yanke. Kana so in ce ban so shi ba? Na so shi.”

Maganar ta shige shi kamar ƙusa. Ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya iya haɗa tambayar, wadda ya yi shekara arba'in yana taunawa, ta fito masa ƙarama.

“To da ban buɗe ba, ina za ki?”

Ta juyo ta dube shi sosai. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce da wani abu mai kama da tausayi, kuma ya gwammace fushin.

“Fintan, kai manomi ne. In ka toshe wa saniya duk ƙofofi ka bar ɗaya, ta bi ta nan ta shiga garke, za ka ce son garken take yi? Shekaranjiya ina da wuri biyu. Da na ce a kai ni jikin katanga wajen su Rooney, da duk Drumlara ta san abin da na zaɓa, kai ma da ka sani. Yau ba ni da inda zan je sai wajenka. Duk abin da na faɗa yanzu kyauta ne.”

“Ki faɗa duk da haka.”

“Ba zai yi maka amfani ba.”

“Ki faɗa.”

Ta ɗora hannunta a kan nasa, mai sanyi, mai kumburi a gaɓoɓi. “Wajenka,” ta ce. “Wajenka zan je.”

Ya jira sanyin da ya yi tsammanin zai sauka a ƙirjinsa duk ranar da ya ji wannan kalma. Ya dubi idonta yana nema. Matar da ta tsaya jiya a bakin rami ta ce “haka ne” ba tare da ƙifta ido ba, don kawai ta rufa masa asiri, ita ce take dubansa yanzu da ido iri ɗaya, da murya iri ɗaya. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Wataƙila kuma tausayin tsoho ta ji. Ba shi da hanyar da zai bi ya rarrabe, ita ma ba ta da sauran abin da za ta nuna masa da shi, don shi da hannunsa ya binne shi ɗazu da safe.

“Ka yarda?” ta ce.

Ya mayar da idonsa kan tafkin.

Ta janye hannunta ta gyara jakar a cinya. “Tayar da mota. Shanu na jira.”